Gwaiduwa

Ƙarfe biyar na asuba a Recife,
teku bai gama hamma ba,
Gilvan ya riga ya kunna fitilar kicin.
Daga kan gado nake jin sa:
ƙwas, ƙwas, ƙwas.
Ƙwai takwas a bakin tasa.

Ya sayo wani ɗan sikeli mai fuskar gilashi,
faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba,
amma shi ne alƙalin gidan nan yanzu.
Loma ba ta shiga baki sai ya yanke hukunci.

A jikin firij ga takarda,
da rubutunsa mai kama da tonon kaji:
ƙwai ɗaya, giram shida na furotin.
Ƙirjin kaza, talatin da ɗaya cikin ɗari.
Wake, takwas,
ya ja masa layi kamar mai laifi.
Garin rogo ko suna bai samu ba,
garin da ya gina ƙafafun da yake tsaye a kansu.

Na ce, "Yaushe ciki ya shiga makaranta?"
Ya ce, "Mama, tsoka ba ta jin lallashi, lamba take ji.
Ɗari da sittin nake bi kafin dare."
Yaron da lissafi ya sa kuka a aji uku!

Ban damu da ƙarfen da yake ɗagawa ba.
Bayan tuƙin bas na awa tara,
gara ƙarfe da kwalba.
Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne gwaiduwa.
Sai ya juya ta daga ɓawo zuwa ɓawo,
farin ya zarce cikin tasa,
ita kuma, wai maiƙo ya yi mata yawa,
ya sake ta a magudanar ruwa.
Rana shida ƙanana, kowace safiya,
suna faɗuwa kafin babbar ta fito.

Ni da na tashi a Serra Talhada cikin shekarun fari,
inda uwarmu ke yanka dafaffen ƙwai da zare,
kashi huɗu,
mu yi ta harare-harare kan wanda rabonsa ya fi rawaya.

Ban yi faɗa ba.
Shuɗin kwano na ajiye kusa da famfo.
Na ce, "Nan za ka riƙa zubar da su."

Sukari, kwakwa da na goge da hannuna, ɗan man shanu,
wuta a hankali, tire cikin ruwan zafi.
Kindin ke nan,
mai sheƙi kamar an lashe shi da hasken fitila.
Na kafa tebur a tashar Afogados.
Kafin azahar babu ko ɗaya.
Har kocinsu, Ednaldo, mai wuya kamar turmi,
yakan waiga hagu da dama,
ya sayi uku, ya ce na 'yarsa ne.
Ni kuwa na san ba shi da 'ya.

Da wannan kuɗin nake sayo kiret na gaba.
Gilvan bai taɓa tambaya ba.
Yana dai murna hannun rigarsa ya fara matse shi.

Daren Laraba ƙishi ya tashe ni.
Sai ga shi a hasken firij, ba takalmi,
ya ɗora kindin guda a kan sikeli.
Ya daɗe yana kallon lambar.
Sannan ya danna maɓalli, fuskar alƙali ta mutu,
ya ci a tsaye, ido rufe,
har da lasar yatsa.

Na koma ɗaki da ƙishina.

Da safe na ɗauki bironsa,
ƙarƙashin wake na rubuta: kindin na Zuleide.
Wurin lambar na bar shi fari.
Sati biyu ke nan, bai cike ba.